Sallau da Muryar Gwaggo Mero

Sallau taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Mero, ƙanwar babana ce ciki ɗaya, daga Kwaya aka kai ta aure Bande. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa, in ya ji haushi ya haɗiye, tun muna yara haka muke. Ni sunana Rabilu, kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Bande da Magarya, kuma inuwar shagon Sallau ita ce tashata. Yau in ka shigo Bande ka ce Sallau mai montaj, wato mai haɗa bidiyo, ko mai tallan goro zai nuna maka ƙofarsa. Amma ni na ga farkon abin, kuma farkon bai zo da sauƙi ba.

Sunansa na yanka Abdulƙadir, sai dai ina jin ko malamin da ya raɗa masa ya manta. Ranar Babbar Salla aka haife shi ana tsakiyar fiɗar raguna, shi ke nan Sallau ya bi shi. Shi ne ɗan farin Gwaggo, kuma duk wanda ya san matanmu na da ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa ta wajen uba. A ɗakinta ya girma, gida ɗaya da uwarsa amma kamar maƙwabta. Gwaggo ba ta kiran sunansa, na yanka da na laƙabi duka. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ɗebo ruwa sai ta tsaya kan randa ta gaya wa randar cewa ta bushe, da ƙarfi yadda zai ji. In za ta ambace shi ga ƙannensa ta ce yayanku, ga mu kuwa wancan. Da ya buɗe shago ya samu ƙarin girma, ya zama mai shago. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma tsararta suna yaba mata a kai. Matan yanzu sun saki abin, sai ka ji mace tana ƙwala wa ɗan farinta kira daga bakin rijiya. Gwaggo dai ta riƙe nata har furfura ta fito wa Sallau a gemu.

Lakwal, wato makarantar boko, kaɗan ya yi, daidai yadda zai karanta faransanci yana bin sa da yatsa. Abin da Allah ya ba shi hannu ne da haƙuri. Yana saurayi ya fara da gyaran rediyo a gindin dogon yaron bakin kasuwa. Zamanin kaset ya zo, ya ƙware wajen liƙa zaren da ya tsinke da jan farce, har ba ka jin wurin haɗin. Kaset ya mutu, ya koma tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi cikin memuwar ɗin waya, ya ɗora pano mai jan wutar rana a rufin shago yana cajin wayoyi. Da damina yakan rufe rabin yini ya tafi gonarsa ta hatsi da gyaɗa. Mutum ne da ba ya sauri ko ruwa na dukansa. In ka tambaye shi abu sai ya gama wanda ke hannunsa kafin ya ɗaga kai, ni kuwa da nake da zafin kai sau da yawa ji nake kamar in ɗaga shi in girgiza.

Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka cika gari, kowane biki sai ka ga hannuwa a sama. Amma abin da ake ɗauka tarkace ne, rabinsa ƙafafun mutane, rabinsa sararin sama. Mai son a gyara masa sai ya kai Magarya wajen wani mai montaj, ni nake kai su, ni nake jin ƙorafinsu a hanya. Ran nan Sallau ya ce mani, yana goge wata tsohuwar rediyo, wanda ya iya haɗa zaren kaset ai ba zai kasa haɗa wannan ba. Na ce masa ya bari dai, a shekarunsa ko sabuwar hula rikita shi take. Bayan an sayar da gyaɗa ya tafi Damagaram, ya dawo da ordinater, wato kwamfuta, ta hannu, naɗe cikin bargo, harafi ɗaya ya ɓalle daga madannanta.

Kwanakin farko kallonta kawai yake yi. Daga baya ya samo darussa a waya, wasu na masu faransanci da ke magana kamar ana korarsu, wasu na 'yan Kano da ke kiran abin editin. Yakan tsayar, ya mayar baya, ya gwada, ya sake tsayarwa. Ko ina so ko ba na so sai ya koya mani. Ya nuna mani wani dogon layi a ƙasan allon, inda ake jera guntayen bidiyo daga hagu zuwa dama. Hoto a sama, murya a ƙarƙashinsa, tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ga hoton ɗan almakashi a gefe. Almakashin nan ya daɗe yana jin tsoronsa, don a aikin kaset abin da ka yanka ya yanku. Sai da ya gano cewa na asalin yana nan a ajiye ba abin da ke taɓa shi, kuma akwai wurin da za ka danna ka koma baya kamar ba ka yi ba. Ranar nan Sallau ya saya mani shayi ba tare da na roƙa ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ya sha wahala kam. Akwai ranar da batir ya mutu bai ajiye aikin ba, na yini guda ya tafi. Ni ne na yi ta zage-zage a madadinsa, shi ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya jira rana ta fito ya sake daga farko. Da hannunsa ya fara faɗawa, a kaina ya gwada. Ya ɗauke ni ina faɗa da wani fasinja, ya cire muryata, ya sa kukan jaki a wurin. Duk 'yan tasha sai da suka kalla. Na yi masa Allah ya isa, sannan na ce ya sake sa mani in gani, don wallahi bakin ya dace.

Aikinsa na farko na gaske a gida ya samu. Ƙanwarsa Zahara'u ta haihu, ya ce shi zai yi bidiyon suna. Wajen maza ya ɗauka da kansa. Da ya leƙa cikin gida da wayar, Gwaggo ta ja mayafi ta juya baya, duk inda ya juya ƙeyarta yake samu. Sai ya miƙa wa matarsa Yalwa wayar ya fita. A hannun Yalwa kuwa Gwaggo ta sake. Ga ta tana dariya har da tafa hannu, ga ta tana tarbar baƙi tana amsa gaisuwa, ga ta tana korar mata su tashi an kira salla. Sallau bai taɓa ganin fuskar uwarsa ta kalle shi sosai tana dariya ba, sai a allon nan. Na lura aikin ya daina gaba, kullum na leƙa a wurin nan nake samunsa.

Wata rana da azahar na shigo shan ruwa, ya yafito ni. Ya ɗora mani abin saurare a kunne, ya danna. Fuskar Gwaggo ta fito, ta ɗaga kai ta dube ni, na ji muryarta ta ce, "Sallau."

Na cire abin na tambaye shi wane boka ya kai wa. Sai ya nuna mani. Ya je wurin da ta ce an kira salla, ya yanko farkon kalmar. Ya je wurin da take amsa wa wata baƙuwa lafiya lau, ya yanko ƙarshen. Ya manna su, ya goge bakin haɗin yadda ya saba da kaset, ya ɗora a ƙarƙashin wurin da ta ɗaga kai tana buɗe baki. Na fashe da dariya, na ce lallai taubashi ka zama shaiɗani. Da na dubi fuskarsa sai na daina dariyar.

"Tunda nake ban taɓa jin yadda yake fita daga bakinta ba," in ji shi. "So nake in ji kawai."

Tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba. Amma na ce masa ya ji ya isa, ya goge, wannan ba abin ajiyewa ba ne. Ya ce to. Sai dai hannunsa bai iya ba. Abin da ya yi, ya ja guntun ya kai shi can ƙarshen layin, nesa da sauran aikin, inda allon ba ya nunawa. A tunaninsa abin da ido ba ya gani ba ya cikin fim. Bai san cewa in ka ce wa na'urar ta fitar da aiki, duk abin da ke kan layin take kwasowa ba, na kusa da na nesa. Yau kafin ya fitar da ko bidiyon akuya ne sai ya bi layin har ƙarshensa ya duba, amma a lokacin bai sani ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sa bidiyon a telen ɗakin Yalwa. Mata sun cika ɗakin har ƙofa, da tsofaffin unguwa ƙawayen Gwaggo, ita kanta tana zaune kan tabarma a tsakiyarsu. Ni na kawo batir, sai na tsaya daga waje ina leƙe, Sallau yana bayana. Aiki ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Ya jera raɗin suna, ya jera rabon goro, ya cire ƙafafu da sararin sama, kowace mace ta ga kanta ta yi ihu. Fim ya ƙare, allo ya yi baƙi. Mata suka shiga hira, ba wadda ta tuna ta kashe telen. Ana cikin haka allon ya yi haske, Gwaggo ta ɗaga kai ta kira sunan ɗan farinta. Kuma da yake ya jera abin don ya ji da kyau, ba sau ɗaya ta kira ba.

Can wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ashe dai Mero kin iya." Wasu suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar da ke kuɓuce wa mutum. Gwaggo ta miƙe, ta lalubi takalmanta a bakin ƙofa, ta wuce mu ba ta dubi kowa ba. Washegari da safe aka ce ta tafi Kwaya. Babur ɗin wani ɗan kabu-kabu daban ta hau, ni da nake kai ta ko'ina ba ta neme ni ba, a nan na san abin ya kai inda ya kai.

Magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce ta fara kama ta, wasu suka ce zamani ne ya ci ta ita ma, kunyar da ake yaba mata ashe ta idon mutane ce. Sallau ya yi ta bayani a tasha cewa shi ya haɗa, amma bayaninsa a wajen maza ya tsaya, matan da suka ji da kunnensu ba wanda ya isa ya ce musu ba su ji ba. Zahara'u ta zo shago ta wanke shi tas, ta ce ya kunyata tsohuwa a gaban sa'o'inta don wasan yara. Ya rufe ordinater, ya mayar da ita cikin bargonta, ya tura ƙarƙashin tebur. Ya koma cajin waya, yana ba mutane wayar da ba tasu ba.

An tura Yalwa Kwaya da goro, Gwaggo ta ce ita ganin dangi kawai ta zo, ba ta kuma faɗi ranar komawa ba. Da na je Kwaya gaida babana ya ja ni gefe ya ce ƙanwarsa ba ta fita ko ƙofar gida, abinci sai an matsa mata. Ya ce abu ɗaya take ta tambayar jikokinsa, wai wayoyin nan suna iya ɗaukar maganar mutum ko ba a kusa da shi suke ba, ko yana shi kaɗai a ɗaki. Na dawo Bande raina a ɓace. Na ce wa Sallau zaman nan da yake yi kamar an yi masa mutuwa ba zai dawo da ita ba, ya ɗauko na'urar da ta yi ɓarnar mu je ta yi bayani da kanta.

An gama girbi lokacin, gonaki sai kara, hanya kuwa yashi. Ya rungume ordinater a ƙirji, duk ramin da na faɗa sai ya ce in yi a hankali, ni kuma in ce ya sauka ya taka. Mun isa da hantsi. Gwaggo tana ɗakin da ta yi 'yanmatancinta, zaune bakin gado. Ni na shiga na durƙusa na gaishe ta. Sallau ya tsuguna daga waje jikin bango, ya ajiye ordinater a bakin ƙofa ya juya fuskarta ciki, hannunsa kaɗai ake gani. Ya gaishe ta, ta amsa wa ƙasa.

Ta ce da ni, "Tambaye shi a ina ya ɗauke ni. Kuma da wane lokaci."

Na juya na maimaita masa kamar bai ji ba, don haka ake yi. Ya ce in gaya mata bai ɗauke ta a ko'ina ba, ba ta faɗa ba, shi ya haɗa. Ya danna, ga ta ranar suna tana cewa mata su tashi an kira salla. Ya danna wani wurin, ga ta tana cewa lafiya lau. Ya ɗauko almakashin a gabanta ya yanka nan, ya yanka can, ya ja guntayen biyu a hankali har suka haɗu, ya danna. Sunan ya fito. Ya raba su, suka koma salla da lafiya lau. Gwaggo tana kallo ta gefen mayafi. Ta ce in ce ya sake. Ya sake. Ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka, ta ce ashe ɗinki ne.

Sallau ya ce in roƙar masa gafara. Ya ce ba don ya kunyata ta ya yi ba, don kansa ya yi, kuskure ne ya fitar da shi. Ya yi alkawari zai ɗauki na'urar gida gida ya nuna wa ƙawayenta yadda aka yi ɗinkin, har sai kowace ta gani da idonta. Gwaggo ta ce wannan kam ya yi, ya fara da wadda ta ce ta iya. Sannan ta ce in gaya masa ya kashe abin. Na ga hannunsa ya tsaya a kan madannan, ya daɗe a wurin. Shi ne kaɗai wurin da ya taɓa jin sunansa a muryarta, kuma ya san in ya tafi ba zai sake haɗa wani ba. Ya danna. Ya bi har inda na'urar ke tara abin da aka zubar ya share, ya ce in gaya mata babu shi.

Ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ce ga wa ba. Ta ce in dawo jibi in ɗauke ta, ta bar kajinta a hannun yara. Ni kuma bakina ba ya iya zama da shiru. Na ce, "Amma Gwaggo ki faɗi gaskiya, gwanin naki ya iya. Ko ni da na ji na rantse ke ce."

Ta harare ni. "Kai kunnenka ƙarar babur ta gama da shi. Ya ja ƙarshen kamar mai amsa gaisuwa. Ba haka nake faɗinsa ba."

Na ce, "Gwaggo, yaushe kika taɓa faɗinsa?"

Ta gyara mayafinta, ta juya fuska ga bango.

"Ba da ku nake yi ba," in ji ta. "Wanda nake gaya wa a kan sallaya yana ji, tun wancan yana cikin zanen goyo."

Na leƙa waje. Sallau yana tsugune inda yake, ya rufe ordinater, kansa a sunkuye. Hawaye na ɗiga a kan murfin, shi kuma yana ta goge murfin da hannun riga.